Yadda Za Ka Zama Kostik Har Kujerarka Ta Fara Rawa

An dakatar da wani mai duba kurakuran rubutu daga aiki ranar Litinin ta makon jiya, bayan maɗaba'ar da ya yi wa aiki shekara goma sha tara ta buga kalanda dubu uku ɗauke da kuskuren da shi da kansa ya gani, ya zagaye da jan biro, ya kuma sa hannu a ƙarƙashinsa. Mutumin, wanda abokan aikinsa ke kira Jan Biro, bai yi sata ba, bai yi barci a bakin aiki ba, bai taɓa makara ba. Kalma ɗaya ta Turanci ce ta kai shi inda yake, cikin wata huɗu kacal.

Kai ma za ka iya. Wannan jagora ya tattara hanyar da ya bi daki-daki, daga bakin waɗanda abin ya faru a gabansu. Idan ka bi ta ba ƙari ba ragi, an ba ka tabbacin abu uku: za a daina zama kusa da kai lokacin cin abinci, za a daina gane ranar da kake faɗin gaskiya, sannan aikinka zai koma hannun Allah. Ba a buƙatar jari. Baki ake so, da ɗan ƙamus.

Mataki na ɗaya: Samo kalmar daga bakin mai digiri

Kalmar ita ce kostik. Kada ka laƙaba wa kanka ita, sai ta yi araha. Jira wani mai ilimi ya jefe ka da ita.

Jan Biro ya samu tasa daga wata malamar Turanci da ta kawo littafinta na nahawu a buga. Ya tsinto mata kuskure arba'in da ɗaya, wanda aikinsa ne. Abin da ba aikinsa ba shi ne abin da ya riƙa rubutawa a gefen shafi. A shafi na tara ya rubuta: "Wannan jimlar ta fito daga gida ba ta san inda za ta ba." A na ashirin: "Allah ya ji ƙan waƙafi, an binne shi a nan."

Malamar ta zo karɓar aikinta, ta karanta a tsaye, ta cire tabarau ta dube shi.

"Malam, harshenka kostik ne."

"Na gode, Malama."

"Ban ce ka gode ba."

Bai ji wannan ba, yana can yana rubuta kalmar a tafin hannu kada ta ɓace masa. Kai ma haka za ka yi.

Lura: duk abin da aka faɗa maka da Turanci, ɗauke shi yabo har sai kotu ta ce ba haka ba ne.

Mataki na biyu: Karanta rabin ma'anar

Buɗe ƙamus. Za ka ga ma'ana biyu. Ta farko: sinadari mai ƙona fata, mai cin nama, mai huda tufa. Ɗora babban yatsanka a kanta ka rufe. Ta biyu ita ce taka: magana mai kaifi da cizo, wadda ke sa na gefe dariya, ta bar wanda aka yi wa ba bakin amsa. Ana cewa harshe kostik ne, ko amsa, ko sharhi. Misalan da ƙamus ya kawo duk na masu sukar littattafai ne a jaridun ƙasashen nesa, mutanen da ba za su taɓa haɗuwa da wanda suka soka a bakin famfo ba. Babu misali ko ɗaya na magidanci mai 'ya'ya huɗu da ke aiki a ɗaki guda da mutum shida. Wannan gazawar ƙamus ce, ba taka ba.

Wani zai ce maka ai Hausa ba ta rasa sunan wannan hali ba. Gaskiya ne, har sun yi yawa. Akwai gatse, inda za ka ce wa wanda ya fasa kofi, "Ka kyauta, ɗauko wani ka ƙara." Akwai habaici, inda za ka yi magana da bango don maƙwabciya ta ji. Akwai shaguɓe, akwai gugar zana, akwai baƙar magana wadda ba ta ko sa riga. Kakarka ta iya su duka ba ta shiga aji ba.

Matsalarsu ɗaya ce: kowace tana tafe da hukuncinta. Idan aka ce kana da baƙar magana, an gama da kai, kowa ya san mara mutunci ake nufi. Kostik kuwa ba ta da tarihi a unguwarku. Ba wanda ya taɓa jin an hana wani aure saboda shi kostik ne. Halin dai shi ne na da, amma yanzu ya sa kwat.

Akwai kuma wasu ƙa'idoji da gatsen gida yake bi, waɗanda dole ka zubar. Ana yin sa baki da baki, da murya, ga wanda ya san ka. Uwar da ta ce a ɗauko wani kofin a fasa, tana faɗa tana share fasassun kada su yanki ƙafar ɗanta. Kai ka riƙe maganar, ka ajiye tsintsiyar.

Mataki na uku: Zaɓi wanda ba zai iya ramawa ba

Kada ka taɓa mai maɗaba'ar, wanda kowa ke kira Maigida. Kada ka taɓa duk mai kawo aiki da ya zo da mota. Duba ɗakin da kyau, ka nemi wanda ya fi kowa sabon zuwa, ya fi kowa ladabi.

A wajen Jan Biro, mai kwamfuta ce. Ita ke shirya shafuka kafin su zo teburinsa, watanta takwas a wurin, kuma tana kiransa Yaya don girmamawa.

Kada ka yi sai da 'yan kallo. Jira direba da mai yankan takarda su shigo shan ruwa.

"Yaya, ga shafi na shida."

"Kai, ƙanwata! Wannan ai sai gidan tarihi. 'Makaranta' da r biyu. Ashe mu ne muke ta rowar haruffa shekara da shekaru, ga mai hannun kyauta ta iso."

A makon farko za su yi dariya. A na biyu za su yi murmushi. A na uku, da ka buɗe baki za su tuna akwai aiki a waje. Wannan shi ake kira kwarjini.

Wata rana wanda ka zaɓa zai kama ka da kuskure. Ka shirya. Mai kwamfuta ta taɓa zuwa da wani shafi da ya riga ya sa wa hannu, ta rage murya kada kowa ya ji.

"Yaya, kamar akwai 'da' sau biyu a layi na uku."

Akwai ɗin kuwa. Amsar da ta dace ba godiya ba ce. Ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji.

"Allah ya ƙara ilimi, Farfesa. To saurara. Daga yau, duk takardar da kika ga sa hannuna a kai, naki latsa maɓalli ne. Kin ji, ko na rubuta miki?"

"Na ji, Yaya."

Ta ji ɗin. Kada wannan ya dame ka.

Mataki na huɗu: Kada ka kai shi gida

Wannan ne matakin da Jan Biro ya karya, kuma ana kawo shi nan don gargaɗi. Matarsa sabulu take yi a tsakar gida tana kai wa shaguna. Ya same ta wata Asabar da safar hannu ta roba har gwiwar hannu, tana juya bokiti da doguwar muciya.

"Kin san abin da aka ce da ni a wurin aiki? An ce ni kostik ne."

Ba ta daina juyi ba. "Wa ya ce?"

"Wata malamar Turanci."

"Me ka yi mata?"

"Yabo ne, ke ba za ki gane ba."

Ta nuna masa wani gwangwani a saman kanta, can inda sai an taka kujera. "Ga shi can. Kostik soda. Na ɗora shi sama ne don kada yara su taɓa. Shekara tara ina aiki da shi." Ta janye safa ta nuna masa wani farin tabo a wuyan hannunta. "Ka ga nan? Ɗigo ɗaya ne."

"Wannan na sabulu ne. Nawa na ilimi ne."

"To, Baban yara, nawa dai sai na auna shi da cokali, na zuba masa mai ninkin-ba-ninkin, sannan na bar shi sati huɗu ya huce kafin ya taɓa jikin mutum. Naka da me kake sirka shi?"

"Madalla. Ashe farfesar sinadarai nake aure ban sani ba."

"Ɗaga ƙafarka, za ka taka mini mazubi."

Ka ga illar abin. Duk wanda ya san ma'ana ta farko, wadda ka rufe da yatsa, ba abokin hirarka ba ne. Mata musamman, bincike ya nuna ba ya kama su. Sun riga sun ji duk abin da bakinka zai iya tun kafin ya samu sunan Turanci.

Mataki na biyar: Daina faɗin abin da kake nufi, kwata-kwata

Mai koyo yana yin gatse sau biyu a rana. Gwani ba ya sauka. "Madalla" ta zama "kaico." "Sannu da ƙoƙari" ta zama "malalaci." "Ka kyauta" ta zama sammaci. Cikin wata biyu, kowa a wurin aikinka zai koyi juya maganarka kamar riga kafin ya sa.

Za ka san ka kai idan irin wannan ta faru. Matar direba ta haihu, ya zo yana zagayawa da hoton jaririn a waya. Jan Biro ya karɓa, ya duba, kuma shaidu sun tabbatar har cikin ransa ya faɗa: "Kai, Allah ya raya. Kyakkyawa, kamar ubansa."

Direba ya karɓe wayarsa ya sa a aljihu. Sati biyu bai gaishe shi ba. An ji shi yana tambayar mai yankan takarda, "Ni dai na ji, na saba. Amma ɗan kwana uku me ya yi masa?"

Wannan ba asara ba ce. Shaida ce cewa sunanka ya kafu.

Mutum ɗaya kawai za ka samu a kowace ma'aikata wanda ba ya juya magana. A maɗaba'ar nan Baba Mai Inji ne. Shekara talatin yana tsaye kusa da injin bugu, ƙara ta cinye masa rabin ji, saboda haka kalma yake kamawa, murya ba ta isa gare shi. An taɓa buga wata fosta da ja ya yi mata yawa har tana ɗaukar ido. Jan Biro ya ɗaga ta ya ce, "Baba, jan nan ai ya yi kaɗan, a ƙara mana." Baba ya ce to, ya je ya ƙara.

Mai hankali zai ɗauki wannan a matsayin gargaɗi. Kai ka ɗauke shi labarin ba da dariya, ka riƙa maimaita shi.

Mataki na shida: Rubuta shi, ka sa hannu

Nan ne ake bambance gwani da ɗan koyo. Gatsen baki yana da murya, da ɗaga gira, da ɗan karkata kai, kuma iska tana tafiya da shi. Na takarda ba shi da ko ɗaya. Tsirara yake zuwa, kuma ba ya tafiya.

Wata makaranta mai zaman kanta ta kawo aikin kalandar cika shekara ashirin, guda dubu uku, za a raba wa iyaye ranar dawowa daga hutu. A sama akwai hoton motar makaranta. A tsakiya, Hajiya mai makarantar tana murmushi a gaban allo, riƙe da doguwar rula. Tsakanin hotunan biyu, taken makarantar da manyan baƙaƙe: CI GABAN DUKKAN ƊALIBAI SHI NE BURINMU.

Hajiya ta bugo waya ranar Alhamis ta ce a ƙara girman motar, sabuwa ce. Mai kwamfuta ta ja hoton, tayar baya ta hau kan kalmomi biyu na farko ta rufe su. A "dukkan" kuma k ɗaya ta riga ta faɗi tun wurin bugawa. Takardar gwajin da ta iso teburin Jan Biro da ƙarfe ɗaya saura na rana tana cewa, daidai saman rular Hajiya:

DUKAN ƊALIBAI SHI NE BURINMU.

Ma'aikaci na gari zai rubuta "gyara" ya mayar. Minti ɗaya ne. Kai ba na gari ba ne, kai kostik ne, kuma irin wannan dama sau ɗaya take zuwa a shekara goma sha tara. Zagaye layin da ja. Rubuta a gefe da kyakkyawan hannu, kamar yadda ya rubuta:

"Madalla! Ba a taɓa samun makarantar da ta faɗi gaskiya irin wannan ba. A buga haka."

Sai ka sa hannu. Wannan wajibi ne. Magana mai daɗi irin wannan, idan ba suna, wani zai ce tasa ce.

Kada ka miƙa mata hannu da hannu, sai ta karanta ita kaɗai abin ya tafi a banza. Bar ta a buɗe a kan tebur inda kowa zai gani, ka fita cin abinci.

Ƙa'idar maɗaba'ar tun kafin a haifi mai kwamfuta ita ce: kalma biyu, "a buga," da sa hannun mai duba rubutu, su ne izinin hawa inji. Baba Mai Inji ya shigo da ƙarfe ɗaya da kwata yana neman aikin gaggawa. Ya ga kalma biyun. Ya ga sa hannun. Ya ɗauka ya kai wa mai kwamfuta ya ce ta tura a yi farantin bugu. Ta karanta, ta dubi kujerar Jan Biro da ba kowa, ta latsa maɓalli.

Da ya dawo bai ga takardar ba, sai ya ɗauka ta kwashe ta don kunya. Ya yini cikin nishaɗi. Ranar Asabar aka naɗe kalandu cikin kwalaye, ranar Litinin da ƙarfe bakwai da rabi kowane ɗalibi ya miƙa wa wanda ya kawo shi makaranta kalanda guda. Kafin takwas da rabi hoton ya zagaye wayoyin iyaye, wani ya ƙara kibiya tana nuna rular.

Mataki na bakwai: Idan ta fashe, kare kanka da ƙamus

Hajiya ta iso maɗaba'a da ƙarfe tara, da kalanda ɗaya a naɗe a hannu kamar kulki. Maigida ya kira mutum uku ofishinsa, ya shimfiɗa takardar gwajin a tebur, ya danne ta da kofi.

"Wannan hannun wa ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Amma ba haka nake nufi ba."

"Me ka rubuta?"

"Na rubuta a buga haka."

"Me aka yi?"

"An buga. Amma ai duk mai hankali ya san..."

Hajiya ta katse shi. "Shekara ashirin ban taɓa ɗaga wa ɗan kowa hannu ba. Yau da safe uwa goma sha ɗaya sun tsaya a ofishina suna duba bayan 'ya'yansu. Wata ta tambaye ni ko rular ta ƙarfe ce."

Yanzu ne za ka fito da makaminka. Gyara tsayuwa ka yi bayani a natse, kamar mai koyar da yara.

"Hajiya, salo ne na magana. Da Turanci ana ce masa kostik. Mutum ya faɗi abu, alhali kishiyarsa yake nufi, don a ji zafin kuskuren."

"Na ji zafinsa," in ji Hajiya.

Maigida ya juya ga Baba Mai Inji, ya ɗaga murya don ya ji. "Baba, kai ba ka karanta abin da kake bugawa ba?"

"Ni launi nake dubawa, ranka ya daɗe, ba magana ba. Ka duba motar nan, ka ga inda rawaya ta zarce? Magana aikin Malam ne. Ya ce a buga, na buga. Da ya ce kada a buga, da ban buga ba."

"Ya ce wai kos... wani abu ne."

"Ko me ne ne, bai rubuta shi a takardar ba."

Sai Jan Biro ya juya ga shaidarsa ta ƙarshe, wadda ya tabbata ta gane, domin wata huɗu yana horar da ita a kan wannan darasi.

"Ƙanwata, ke dai kin san wasa nake. Faɗa musu."

Ta haɗa hannuwa a gaba, ta dubi ƙasa. "Na ga sa hannunka, Yaya. Ka ce idan na gani, nawa latsa maɓalli ne. A gaban direba ka faɗa."

An kira direba. Ya tabbatar, da sauri, har da ranar.

Abin lura ga mai koyo: ƙamus yana bayyana ma'anar kalma, amma ba ya zuwa ba da shaida.

Mataki na takwas: Ba da haƙuri, ka ga ikon Allah

Idan ƙamus ya kasa, za ka ji wani abu yana taso maka daga ciki wanda ka daɗe ba ka ji ba. Gaskiya ce. Bar ta ta fito, ba abin da za ta ɓata, lokacinta ya wuce.

Jan Biro ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Hajiya, laifina ne ni kaɗai. Yarinyar nan tana da ƙoƙari, ban taɓa aiki da mai hannu irin nata ba. Baba kuma ba a samun kamarsa. Don Allah ki yi haƙuri."

Mai kwamfuta ta ɗago ido cike da hawaye ta dubi Maigida.

"Ka ji ko, ranka ya daɗe? Har a nan ma bai bari ba."

"Wallahi da gaske nake!"

"Haka ya ce ranar ɗana," in ji direba daga bakin ƙofa.

Hajiya ta ɗauki jakarta. "Ni za a yi wa ba'a a gaban ma'aikata? Ku buga mini wasu kafin Juma'a, kuma kada wannan mutumin ya taɓa su ko da ido."

Maigida ya ce masa ya je gida sai an neme shi. Ya miƙa hannu, Jan Biro ya ɗauka musabaha ce, ashe biron ake nema.

Idan ka kai nan, ka gama karatu. Kana da baki, kana da harshe biyu, kuma babu jimla ɗaya a cikinsu da za ka faɗa a yarda.

Mataki na tara: Karanta saƙon Maigida

Za a neme ka. Shi an neme shi ranar Alhamis da la'asar, da saƙon waya. Ga shi yadda yake, ba a taɓa ko ɗigo ba:

"Ka dawo Litinin mana. Ai maɗaba'ar ba za ta tafi ba sai da irinka."

Babu alamar dariya, babu ta fushi. Maigida mutum ne da ba a taɓa jin ya yi gatse ba, amma kuma ba a taɓa buga masa kalanda dubu uku sau biyu ba.

Yi abin da ka fi iyawa: duba rubutun kalma-kalma. "Mana" tana iya zama gayyata, kamar a ce shigo mana. Tana iya zama tarko, kamar a ce taɓa mana ka gani. "Ai" ba ta da gefe, tana bin duk wanda ya ɗauke ta. "Irinka" ita ce abin tsoro. A shekara goma sha tara na karatun rubutun mutane, Jan Biro bai tuna inda ya ga "irinka" ta zo da alheri ba, amma bai tuna wata doka da ta hana ta ba.

Ya karanta shi da murya mai taushi, ya ji an yafe masa. Ya karanta da ɗan jan "ai," ya ji an kore shi har an sa masa dariya. Ya miƙa wa matarsa.

"Ke me kika gani?"

Ta goge hannu ta karanta. "Na ga ya ce ka dawo."

"Haka ya rubuta. Me yake nufi?"

"Kira shi ka tambaya."

"Na kira na ce me? Ranka ya daɗe, da gaske kake ko wasa? Ni?"

"To zauna. Akwai sabulu kwali shida da ke neman mai yanka."

Ya kira mai yankan takarda, bai ɗauka ba. Direba ba ya cikin lissafi. Mai kwamfuta ta amsa sallama da ladabi, ta ce layin ba kyau. Mutum ɗaya ne ya ba shi amsa kai tsaye, da ihu, saboda injin na aiki.

"Ya ce ka dawo? To ka dawo mana, Malam! Abin da aka rubuta ai shi ne!"

Baba Mai Inji ke nan, wanda wannan ra'ayi nasa ya riga ya jawo asarar takarda kwali ashirin.

Sanarwar wanke hannu

Wannan jagora bai ce kowa ya yi komai ba. Duk wanda ya karanta "kai ma za ka iya" ya ɗauka izini ne, ya nemi wanda zai raba laifi da shi a wani wuri. Ba a ɗaukar alhakin rasa aiki, rasa gaisuwa, ko cin abinci kai kaɗai a bayan injin yanka. Ba a karɓar ƙorafi a rubuce, domin ba za a san yadda za a karanta shi ba.

A safiyar Litinin ɗin nan, da ƙarfe takwas saura kwata, an ga Jan Biro cikin gogaggun kaya a zaune a bencin mai gyaran waya da ke tsallaken titi, yana fuskantar ƙofar maɗaba'ar. A jikin ƙofar akwai sabuwar takarda da aka liƙa, mai cewa ana neman ma'aikaci. Ba ta faɗi wane aiki ba. An nemi jin ta bakin Maigida, bai amsa waya ba. Har zuwa lokacin haɗa wannan jagora, ƙarfe goma ta wuce, kuma Jan Biro bai tsallaka titin ba.